Dawar Shuka a Bakin Tahuna

Tana tsaye a ƙarshen layin tahuna, injin niƙan da ke bayan kasuwar Kamlin. Doguwa ce, ta haura hamsin, mayafinta ya koɗe har ba a gane launinsa na asali. Tafukan hannunta jajaye ne, amma ba jan lalle ba. Ta rungume kwanon dawarta a ƙirji, duk wadda ta zo bayanta sai ta matsa mata ta wuce.

Da alama tana cikin manoman da suka zuba ƙarfinsu a gyaɗa bara. Tun da aka hana fita da ita waje, gyaɗa ta faɗi warwas, dawa kuwa ta fi ƙarfin talaka.

Sai da layi ya ƙare ta miƙa kwanon. Attahiru mai tahuna ya ɗebi ƙwayar, ya murza, ya shinshina.

"Hajja, ai wannan iri ne. Da jan maganin ƙwari a jikinsa."

"Na wanke shi, ɗana, har ruwan ya fita fari."

"Wallahi ba zan zuba guba a dutsena ba. To ko na niƙa kun cinye, me za ki shuka da damina?"

Ba ta yi musu ba. Ta karɓi kwanon ta rufe shi, amma ba ta kama hanya ba, tana nan tsaye tana kallon injin.

Can ta ce, a hankali, "Na gida ba damina suke jira ba. Ni suke jira."