Rana Tsaka a Rijiyar Kawu Ari

Wallahi wannan abin da ni ya faru, ba ji na yi ba. Wanda zai karanta ya taɓe baki ya ce ai kimiyya tana da bayani, ya je ya yi ta taɓewa, na riga shi, kuma na ga inda ta kai ni. Shekarun baya ne, ina koyarwa a wani kolej a Damagaram, ba ni da abin so kamar ƙananan allunan lantarkin nan masu arha, da za ka jona da ordinater, wato kwamfuta, ka rubuta musu umarni su kunna wannan su kashe wancan. Wani mai shago a Zango yake kawo mini su. Tun ranar da na sa 'yar fitila ta riƙa ƙiftawa na ɗauka duk garin ba mai kaina. Wai ni injiniya!

To ina da kawu, yayan mahaifiyata Falmata, Kawu Ari, yana da garka wajen Garagumsa, tumatir da salati da albasa, da wata tsohuwar rijiya tun ta kakansa. Da ita yake ci da iyalinsa, ba shi da wani abin. Bayansa ya gaji da jan guga, sai na ce bari in nuna musu boko. Da bakans, lokacin hutun makaranta, na haɗa allo da famfo da fanno mai ɗaukar hasken rana, na binne wata 'yar na'ura mai jin danshin ƙasa, in ƙasa ta bushe allon ya tada famfo da kansa.

Kawu ya yi ta sa albarka, sannan ya ce, "Ɗan Falmata, abu ɗaya. In rana ta take tsaka ba a taɓa rijiyar nan sai an yi azahar. Lokacin masu wurin ne, haka muka tarar."

Na ce to, amma a raina dariya nake. Masu wuri! Ga fanno, lokacin da ya fi samun wuta ke nan, a ce in bar wa wasu da ko takardar fili ba su da ita? Ko harafi ban sa a umarnin ba, na koma gari.

Bayan kwana huɗu Kawu ya kira ni yana murna, wai abin nawa akwai ladabi, rana na tsayawa sai ya yi shiru, sai an sallame azahar ya tashi. Jama'a, allon nan ba agogo a jikinsa, ban sa masa ba, bai san safe ba bai san yamma ba. Na gaya wa wani abokin aikina, irin masu cusa Faransanci a kowace magana, ya gyara tabarau ya ce zafi ne kawai. Sannu gwani! Na je na yi wa allon rumfa, na canza wayoyi, har sabon allo na sa. Rana na take tsaka, ɗif.

Abin ya ba ni haushi, wai ni ɗan abin da na saya da kuɗina zai raina. Na bari Kawu ya tafi alwala, inuwata tana ƙarƙashin ƙafata, na cire wayar famfo daga allon na jona ta kai tsaye da fanno. Famfo ya ɗauka, ruwa ya taho a tiyo, ina tsaye ina murmushin mugunta. Sai na ji tsaki daga cikin rijiyar. Tsaki sosai, irin na dattijon da aka ture wa ƙwarya yana cikin sha. Sannan wata murya, ba ta namiji ba ba ta mace ba, a hankali ta ce, "Ɗan Falmata, ko a bari mu gama?"

La'ilaha illallahu! Na ma kasa gudu. Ruwan tiyo ya koma ja, ya koma laka, ya ɗauke. Na leƙa, rijiyar da ɗazu ruwanta ya kusa gaba biyu, ƙasa nake gani, busasshiya.

Kawu ya dawo ya leƙa, ya daɗe, ya ce, "Sun tashi." Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. An yi yasa, an ƙara zurfi, an yi sadaka, ko danshi. Rijiyar maƙwabcinsa, taku kaɗan tsakani, har yau cike take. Garkar ta ƙone cikin mako biyu, tsoho mai ciwon baya ya koma ƙwadago a garkar mutane.

Ranar da zan kwashe tarkacena ya riƙe hannuna, ya nuna allon, ya ce, "Wannan abin naka tun da yana jin maganarsu, rubuta masa ya ba su haƙuri. Ka ce tsohon bai sani ba."

Ni da nake cika baki ba umarnin da ban iya rubutawa, wannan kam ban san yadda ake rubuta shi ba. Har ya rasu yana tambayata ko sun amsa.

Don haka ku masu ɗan ilimin jona waya, in tsoho ya ce muku kar a taɓa wuri a lokaci kaza, ku bari kawai, ba sai an yi muku bayani ba. Ni dai har yau in rana ta take tsaka, ko randar gidana ba na buɗewa.