Nyevu Mai Tsamiya

Kafin masu binciken ƙwaƙwalwar yara su ɗauke ta aiki, Nyevu soyayyen kifi take sayarwa a tashar Kaloleni. Ba ta wuce aji bakwai ba, amma babu gidan da ba ta san tsofaffinsa ba, ga baki kamar rediyo.

Aikinta karɓar yawu. A 'yar kwalba ake tara shi a aika birni, a duba ƙwayoyin gadon da ke gina ƙwaƙwalwa tun yaro yana ciki. To, yaran da ake nema, irin 'yata Jumwa, ba a ce musu "tofa" su tofa. Shekararta shida lokacin, ba ta taɓa cewa mama ba. An kuma hana a sa musu komai a baki kafin a karɓa. Sai Nyevu ta riƙa yawo da tsamiya a jaka. Takan zauna gaban yaro ta yi ta tsotsa ita kaɗai tana yatsine fuska, har yawunsa ya tsinke. Ranar da ta zo gidanmu, surukata ma sai da ta haɗiyi yawu.

"Kaka, kawo bakinki ke ma, kada ya tafi a banza," in ji Nyevu.

Bayan na Jumwa, ta karɓi nawa da na mijina Kitsao. Ni kuwa tsoro ya cika ni. Lokacin da nake da cikin Jumwa wata bakwai na faɗi da jarkar ruwa a hanyar rijiya, bayan Kitsao ya hana ni zuwa, ban kuma gaya wa kowa ba. Na sakankance kwalbar nan za ta tona mini asiri.

Bayan shekara biyu ta dawo da wata likita. Suka ce akwai ƙwaya guda da ya kamata ta farka ta kama aiki sa'ad da ƙwaƙwalwar Jumwa ke ginuwa, amma ta zo da tangarɗa. Babu abin a jikina, babu a na ubanta, a kanta ya fara. Babu magani, sai koyarwa da haƙuri.

Da na raka Nyevu bakin titi na faɗa mata zancen jarkar. Ta tsaya ta dube ni.

"'Yar'uwa, wannan kike ɗauke da shi shekara takwas? Tun ba ki san kina da ciki ba abin ya faru. Ko a kan katifa kika yi wata taran nan, Jumwa dai za ki haifa."

Na zauna a gindin kwakwa na yi ta kuka. Motar da Nyevu take jira ta zo ta wuce, ko hannu ba ta ɗaga ba. Har gobe ina gode wa matar nan. Da na koma gida na yi wa Jumwa kitso, karo na farko ban roƙe ta gafara a zuciyata ba.