Inna da yarinya mai takobi

Ina tsakiyar kallon fim ɗin zanen nan na Japon, na yarinyar da ke koyon takobi don ta ƙwato garinsu daga hannun aljanu, sai ga surukata, baƙuwarmu daga Garagumsa, tsaye a kaina. Na ce a raina: Yau za ta ce ɗanta ya auro mai kallon abin yara.

Daidai nan yarinyar ta cire takalmi, ta durƙusa gaban tsohon malaminta.

"'Yar nan, wannan 'yar wace ƙasa ce?"

"Japon, Inna."

"Ta sare aljani, amma ba ta haɗa ido da babba. Matsa mini in zauna."

Ni ma'abociyar littattafan soyayya, ban zaci takobi ne zai cire mini tsoron Inna ba. Sunan fim ɗin yana jikin hoton da ke ƙasa, ku nema. Ku da wa za ku kalla?