Wadari a Tsakar Gida

Shekarar da cutar korona ta zo, ni na jawo wa gidanmu kulle. Na gama jami'a a Yamai, ina zaune ina jiran aikin da bai zo ba, da na ji ana maganar rufe gari sai na shiga mota na dawo Matameye. Kwana biyu da isowata aka kira ni a waya, aka ce mutumin da ya zauna kusa da ni a mota ba shi da lafiya, kuma ana zaton ita ce. Ma'aikacin lafiya ya zo da takunkumi a fuska, ya tsaya daga bakin zaure, ya ce mu ukun, ni da Baba da Inna, kada wanda ya fita sai bayan kwana goma sha huɗu. Ƙanwar Inna ce ta ɗauki nauyin ajiye mana cefane a bakin ƙofa.

Ban yi zazzaɓi ba, ban yi tari ba, ko da yake ina taɓa goshina fiye da yadda ya kamata. Abin da ya tsaya mini a rai Baba ne. Ya haura sittin, yana da ciwon suga da hawan jini, kuma a cikin karne ɗinsa, ɗan littafin asibiti, an rubuta abu uku: magani, rage gishiri, tafiya kullum. Tafiya ba ta taɓa zame masa aiki ba. Da safe yana garkarsa a fadama, masallaci sau biyar, ranar kasuwa kuwa sai ya zagaye ta kaf. Bai taɓa kiran wannan motsa jiki ba. Rayuwarsa ce kawai.

Da aka rufe mu sai ya shimfiɗa buzu a gindin dogon yaro, ya jingina rediyo da randa, ya zauna. Ba ya tashi sai alwala. A kwana na biyar na ga yana kokawa da takalminsa na fata, ƙafar ta ƙi shiga. Na nemi izini na danna bayan ƙafar da yatsa. Gurbin yatsan ya zauna, bai ciko da wuri ba.

Na kira ma'aikacin lafiyar. Ya ce a ci gaba da magani, a riƙa ɗaga ƙafar in an zauna, Baba ya yi tafiya safe da yamma ko da a tsakar gida ne. In kumburin ya hau ƙwauri ko numfashi ya fara yi masa wuya, in kira shi nan take. Na sa ya maimaita, na rubuta.

Sai na yi abin da na iya. Na auna tsakar gidan: taku ashirin da uku daga bakin zaure zuwa rumbu. Na yago takarda daga kaye, littafin rubutuna, na tsara lokuta, na manna a jikin dogon yaron, daidai inda idonsa zai faɗa.

Baba ya dubi takardar, ya dube ni.

"Ina za ni?"

"Ba ko'ina, Baba. Zuwa rumbu ne a dawo. Wataƙila kamar sau talatin, in ba a gaji ba."

"Me na ajiye a rumbun da zan dubo shi sau talatin?"

"Don jini ya zagaya ne. Haka aka ce."

"To, dokotoro, jinin ya zagaya. Ni ba zan zagaya ba. Maƙwabta su leƙo ta katanga su ga tsoho yana kai da komo hannu rabbana, su ce kulle ya taɓa shi?"

Na yi zaton in na fara zai biyo ni. Kwana biyu ina sintiri ni kaɗai, shi yana kan buzu yana yi mini rakiya da baki. In na juyo daga rumbu ya ce, "Sannu da hanya, an iso Kance?" In na koma ya ce, "A gaida mutanen Yauri." Ni ma nakan yi dariya, amma idona na kan ƙafarsa, kuma a ganina kumburin ya ɗan ƙaru. Ba ni da tabbas. Na auna idon sawun da igiya lokacin da yake gyangyaɗin rana, ya farka ya tambaye ni ko rago nake shirin ɗaurewa.

Duk wannan Inna na gefe tana aikinta. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. A rana ta bakwai, da hantsi, ta fito da wata tsohuwar kwalla daga ɗaki, ta ajiye gaban Baba, ta buɗe. Zare ne cike, wanda mahaifiyarta ta kaɗa da mazari kafin ta rasu. Na san da shi, amma ban taɓa ganin an taɓa shi ba.

"Malam, zaren tsohuwa zai ruɓe a ajiye. Da an yi mini wadarinsa."

Baba masaƙi ne a ƙuruciyarsa. Ya bar sana'ar tun ina rarrafe, da yadin kanti ya cika kasuwa.

"Wa zai saƙa? Masaƙar ma na bayar da ita."

"A yi wadarin tukuna. Sai dai in hannun ya manta. In ya manta, ga wannan nan, sai ya duba mana a wayarsa."

Baba ya kashe rediyo.

"A waya?"

Wadari shi ne jera zaren tsaye kafin a ɗora a masaƙa. Ana kafa turaku a ƙasa, wasu nan wasu can nesa, mai yi ya riƙe zare ya tafi ya zagayo turke ya dawo, ya sake tafiya, har zaren ya kai yawan faɗin da ake so. Ba a yin sa a zaune. Ban san haka ba sai ranar.

Ni aka sa kafa turakun, na kafa su a karkace, ya ce ilmin lakwal, wato boko, bai kai nan ba, ya tuge ya gyara da kansa. Abu ɗaya na nace a kai: mai ciwon suga ba ya yawo ba takalmi. Na share tsakar gidan sau biyu saboda ƙaya, na ba shi silifana, da yake sun fi nasa girma. Ya saka yana mita.

Ya fara a hankali, yana ɗan ɗingishi. Zaren ya tsufa, yana yawan tsinkewa, sai ya tsaya ya ƙulla ya ci gaba. Bakinsa na motsi yana ƙirga zare, ni kuma ina bayan randa ina ƙirga zuwa da dawowa. Kafin rana ta yi zafi ya wuce abin da na rubuta a takardata. Na buɗe baki zan gaya masa, Inna ta ɗago daga tankaɗe ta dube ni sau ɗaya. Na rufe bakina. Da azahar na cire takardar daga jikin bishiya.

Da ya gama wadarin washegari, Inna ta zo ta auna da kamu ta ce ya yi gajere, ita gwado take so. Ya ce me ya hana ta faɗa tun farko. Ta ce ba a tambaye ta ba. Aka warware, aka matsar da turke har bayan rumbu, aka sake. Bayan wannan kuma shi da kansa ya gano kuskure a inda zaren ke giftawa, ya ce ba zai bar aiki haka a ce nasa ne ba. Ya zamana safe da la'asar yana kan ƙafa, in ya zauna kuma na tura masa turmi a kife ya ɗora ƙafafun. Wannan bai yi gardama a kai ba, don a gajiye yake.

Ba zan ce wadarin ne kaɗai ba. Yana shan maganinsa a kan lokaci, Inna ta rage gishiri har miya ta zama abin tausayi, ƙila kuma kumburin da ma mai sauka ne. Ni ba likita ba ne. Abin da na gani shi ne, a kwana na goma sha biyu na danna ƙafar, gurbin ya ciko kafin in ɗauke hannu sosai. Na sake dannawa a ɗaya ƙafar. Ya ce in na gama ɗanɗana tuwon in ba shi wuri.

Zaren yana nan a kwalla har yau, a naɗe, ba a saƙa ba. Na taɓa tambayar Inna yaushe za a kai wa masaƙi. Ba ta dube ni ba, ta ce wa tukunyar da take wankewa, "A gaya wa mai tambaya ina da gwado biyu."

Ranar da kwanakin suka cika, ma'aikacin lafiyar ya zo ya auna zafin jikinmu, ya ce babu komai, mu dai riƙa sa takunkumi. Bai gama fita daga zauren ba Baba ya jawo takalminsa na fata. Na tsaya ina kallo. Ƙafar dama ta shiga, ta hagu ta shiga. Ya tura mini silifana da gefen ƙafa, ya ɗauki fartanya, ya ce in an neme shi yana garka.