Keken ban ruwan babana

Har yau in na tuna ƙanen babana sai raina ya ɓaci, Allah Ya sani ban huce ba.

Babana maƙeri ne a Bodinga. A shekarun tsuke bakin aljihu, ƙarshen mulkin farar hula, injin ban ruwa in ya lalace ya lalace ke nan, kayan gyara sun yi ɓatan dabo. Albasa na ƙonewa a fadama. Sai Baba ya haɗa keken jawo ruwa da ƙafar tsohon keke, da igiya, da guntayen taya da yake yankawa kamar faifai. Kana murzawa, ruwa na hawowa daga rijiya.

Maƙera suna da ƙa'ida: in ka ɗauki dabara, sai ka faɗi hannun da ta fito. Duk wanda ya saya, Baba sai ya gaya masa yankan tayar dabarar wani Bazabarme ce mai haƙar rijiya a Shagari, shi ƙafar keken kawai ya ƙara. Wani maƙeri a Dingyadi ya ɗauka ya sa masa mariƙin katako, yana ambaton Baba. Haka abin ke tafiya, kamar yadda malami ke ambaton malaminsa. Daga baya na ji ko masu rajistar ƙirƙira a ƙasashen waje sai sun jero waɗanda suka riga su.

Ƙanen babana kuwa, wanda ko zuga bai iya ba sai da Baba ya kama hannunsa, shi ya ɗauki keken zuwa baje kolin noma a Sakkwato. Ya shafa masa koren fenti, ya ce a mafarki aka nuna masa. A mafarki fa! Mutumin da barcinsa ban da minshari ba abin da yake haifarwa.

Bayan shekaru na ga irin keken a Lambara. Na tambayi mai shi, ya tura ni wurin maƙerinsa, wannan ya tura ni wurin wani. Duk sun riƙe ƙa'ida, kowa ya faɗi na gabansa. Amma a kan mai mafarki zancen ke tsayawa.

Na dawo ina huci na gaya wa Baba, lokacin idonsa ya tafi. Na ce an shafe sunansa.

Sai ya ce, "Ni ina da ku. Wanga Bazabarme fa? Bai bar ɗiya ba. Ni ɗai ka ambaton shi."