Ranar da Kofur Ya Karɓi Shanunsa

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina tuƙin motar kaya, har da sunayen wasu garuruwan da na sha yada zango a cikinsu. Amma ranar da abokin aikina ya tara mutanen Illela don su ga shanunsa, ita kam ba za ta fita daga raina ba sai an rufe ni da ƙasa.

A lokacin Turawa ne ke riƙe da ƙasa, motar kaya kuma sabon abu ce a wajenmu. Idan ta shigo gari, mata sukan bar daka su leƙo ta katanga. Mu uku ne muke tuƙa wa wani kamfani mai sayen fatu da ƙiraga. Mukan kwaso kaya daga bakin iyaka mu kai Sakkwato, daga can mu wuce da su tashar jirgin ƙasa a Gusau. Babbanmu shi ne wanda muke kira Kofur, domin a soja ya koyo tuƙi. Shi dai cewa yake saje ya kamata a ba shi, hassada ce ta hana.

Albashinmu ba laifi. Ga kuma abin da muke karɓa a hannun fasinjojin da muke ɗorawa bisa kaya, wanda Baturen kamfani bai sani ba, ko kuwa ya sani ya kau da kai. Sai dai aikin ba shi da fansho. Ranar da ka ajiye makulli, ranar tukunyar gidanka ta sauka daga murhu. Duk mun san haka, amma Kofur kaɗai ya yi wani abu a kai, kuma bai bar kunnuwanmu sun huta ba.

Dabararsa ita ce shanu. Duk sa'ad da kuɗi suka taru masa sai ya sayi karsana ya miƙa wa Baffa, wani dattijon Bafillace da ke kiwo a dajin Tozai. Sharaɗin shi ne irin wanda kowa ya sani: nono na mai kiwo, abin da aka haifa na mai saniya. Idan muka tsaya shan fura a hanya sai ya dube mu ya girgiza kai.

"Ku yara, mi kunka aje ma tsufa? Sulen kuɗi ko ya shekara goma cikin aljihu ba ya haihuwa. Ni nawa suna can suna ta haihuwa, ina nan ina shan fura."

A lissafin Kofur, kowace saniya tana haihuwa kowace shekara, kuma mace take haifa, kuma ba wadda ke mutuwa. A bisa sitiyari yake wannan lissafi, yana kaɗa kai. Wata rana mun bar Illela yana da saba'in, kafin mu isa Sakkwato sun kai tamanin.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, wato zuwa ya gan su da idonsa. Mota ba ta shiga ruga, direba kuwa a ganinsa ba ya tafiya da ƙafa. Wannan girman kai ba nasa ne shi kaɗai ba, duk muna da shi. Ni kaina na taɓa tayar da mota don in je gidan wanzami, alhali daga inda nake ana jin tarin wanzamin. Saboda haka saƙo kawai Kofur yake aikawa. Idan wata bukata ta taso sai ya samu mai zuwa wajen ya ce, "Ka ce ma Baffa a sai da ɗan guda." Yakan ce wannan ba taɓa dukiya ba ne, rage cunkoso ne.

Ana nan sai idonsa ya fara rauni. Ya hau kan tarin dawar wani manomi da mota a Araba, ya rantse tudu ya gani. Akawun kamfani ya ba shi shawara ya koma gadin sito, albashi kaɗan amma kullum. Kofur ya ajiye masa makulli a bisa tebur a gabanmu, ya ce mai garke ba ya gadin fatun wani. Ya ƙara da cewa in akawu ya tsufa ya zo, zai riƙa ba shi nono kyauta.

Daga nan ya sa aka kewaye masa wani fili a bayan gidansa da ƙaya, filin da zai ci shanu ɗari. Ya aika wa Baffa ya kawo masa dukiyarsa gaba ɗaya ranar kasuwa. Ya gayyaci makaɗi da maroƙi, ya sa aka dama fura a manyan ƙorai. Da hantsi ya fito cikin tsohon kwat ɗinsa na soja, ga tabarau na direba a goshi, ya zauna kan kujera a bakin shinge. Jama'a suka cika wurin, har da fataken Ƙonni da suka ajiye cinikinsu suka zo kallo.

Can sai ya hango wani duhu yana tahowa daga gabas. Ya miƙe tsaye.

"Ga su nan! Buga, kai, buga!"

Makaɗi ya saki kiɗa, maroƙi ya buɗe murya. Da duhun ya matso sai ga jakunan masu kanwa. Mai jakunan ya ɗaga hannu ya yi godiya, ya ce tun da yake fatauci ba a taɓa tarbarsa haka ba.

Bayan su ne Baffa ya iso, sanda a wuya, yana tafe a hankali. Shanu huɗu ne a gabansa: tsofaffi biyu, karsana ɗaya, da wani bijimi mai ɗingishi. Suka shiga filin suka tsaya a tsakiya, kamar baƙin da suka yi ɓatan gida. Kofur ya leƙa bayan dattijon, ya sake leƙawa.

"Baffa, sannu da hanya. Sauran suna baya?"

"Waɗanne saura, Direba?"

"Mi kake nufi waɗanne? Shanuna!"

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya nemi wuri ya zauna, ya sha fura, ya goge baki, sannan ya zaro wata igiya daga jakarsa. Ƙulle-ƙulle ne a jikinta tun daga wannan baki har wancan. Ya ce duk saniyar da ta bar garke yakan yi mata ƙulli, don shi bai iya rubutu ba. Ya kama na farko.

"Wagga ita ce jar karsana. Ita anka sai da ka sayi akwatin nan mai waƙa."

Garmaho yake nufi. Jama'a suka fara murmushi.

"Wagga agogo. Wagga keke, wanda ba ka hawa don kai direba ne. Waɗanga uku Allah ya ɗauke su shekarar cutar bushiya, na aiko maka wutsiyoyinsu ka gani. Waɗanga jangali. Wagga diyyar jakin da ka take. Wanga bijimi kuwa," ya ɗaga kai ya nemi maroƙi da ido, "ga wanda ya tafi da shi nan, ranar da ya ce maka zakin hanya."

Maroƙi ya soma gyaran hula, ya ja da baya ya shige cikin mutane.

Ni ina gefe ina dariya har da riƙe ciki. Sai na ga sandar Baffa ta nuno ni.

"Wagga ku kunka cinye ta, kai da abokin tuƙinka, ranar da kamfani ya ba Direba sabuwar mota. An ce mini kai ka tafi da cinya gida."

Gaskiya ne, na tafi da ita.

Kofur ya yi ta maza, ya ce ai ko an sayar da waɗannan, 'ya'yansu fa? Baffa ya dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa babban mutum da ya yi tambayar yara.

"Sau nawa na aiko maka a sai da namiji, ka ce kuɗinsa ba su isa, a sai da karsana? To wa zai haihu, Direba? Akwatin waƙa?"

Wurin ya kece da dariya. Wani bafatake ya ce a bar filin haka, ya isa sukuwa. Kofur ya sauko da tabarau daga goshi ya rufe idonsa da su, ya shige gida. Furar ma mu muka shanye.

Washegari ya je wurin akawu da ƙafa, karo na farko da na ga ya yi doguwar tafiya a ƙasa. An riga an ba wani gadin sito. Akawu ya yi masa ladabi sosai, ya raka shi har ƙofa, sannan ya tambaye shi yaushe zai fara aiko da nonon.

Mun shekara muna ba da wannan labari a kowace tasha, muna ƙara masa gishiri. Abin da ba mu ba da labarinsa ba shi ne abin da ya biyo baya. Kofur ya sayar da garmaho da keke da agogo, ya ƙara karsana biyu. Kullum da safe shi yake kora su da kansa, yana lalube da sanda. Matarsa tana sayar da nono a kasuwa. Bai yi arziki ba, amma bai roƙi kowa ba har ya koma ga Allah.

Da nawa lokacin ya zo, bayana ya ƙi zaman mota, na sauka ba ni da ko akuya. Wata rana, kafin rasuwarsa, na bi ta ƙofar gidansa, ya gane muryata, ya sa aka kawo mini fura da nono mai kauri. Ya bari sai da na kai rabi.

"To, yaro," ya ce, "kai naka shanun wace ruga suke?"

Ba ni da ko ɗaya a kowace ruga. Abin da na koya a makare shi ne, tanadin da ba ka zuwa ka duba, kana kuma yagarsa kaɗan kaɗan, rabinsa labari ne kake ba kanka. Amma wanda ya tanada ya ɓarnatar, ya tsira da huɗu. Ni da na zauna ina yi masa dariya, a gidansa na sha fura.