Ƙullin Don Nicanor

Mijin yayata ne, don haka kada wani ya ce mini ban san Nicanor Zazueta ba. Na san shi tun yana saurayi mai siririn gashin baki, lokacin da yake zuwa zance wurin yayar tawa, Otilia, da malafa mai faɗi da takalmin aro. Ko a wancan lokacin jinina bai haɗu da nasa ba, kuma shekarun da suka biyo baya ba su ba ni dalilin canza ra'ayi ba.

A tsohon garinmu aka haife shi, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwa da cocinsa da gonakinsa na masara. Da aka datse kogi aka kwaso mu zuwa kan tudu, maza suka jingine garma suka koyi saka raga, suna kama karfasa ana kaiwa birnin Culiacán. Haka Nicanor ya yi ta fama da ƙarni har ranar da Amurkawa suka ji labarin lobinar da ke cikin ruwanmu, kifi mai baki kamar tukunya, mai ɓuya cikin itatuwan da ruwa ya cinye. Ba ci suke yi ba. Su kama, su auna, su ɗauki hoto, wani har ya sumbaci abin, sannan su mayar da shi ruwa. Mu dai mun ɗauka taɓin hankali ne, amma aka buɗe masauki a bakin ruwa, ni na samu aikin girki, maza kuma suka zama jagorori, kowa da jirginsa da baƙinsa biyu.

A nan tauraruwar Nicanor ta haska, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya. Ya san inda kowace bishiya take a ƙasan ruwa, domin a inuwarsu ya yi kiwon awaki. Da sanyin safiya sai ya ɗaura wa baƙo koton roba, wato ɗan kifin bogi na yaudara, mai iyo a sama yana tofar da ruwa. Rana na ɗagawa kifi ya nutse, sai ya canza zuwa mai dogon leɓe, wanda ke nitso in an ja shi, a kan sandar kamun kifi mai laushi don kada ƙugiya ta yage bakin kifi. In kuwa cikin rassa za a shiga, sai ya ɗauko sanda mai tauri da keken naɗin zare mai ƙarfin ja, ya zura dalma a zare, ya ɗaura ƙugiya, ya soke ƙadangaren roba, ya binne tsinin ƙugiyar cikin jikin ƙadangaren yadda zai ratsa ƙaya bai maƙale ba. A yini ɗaya yana iya yanka ya sake ɗaurawa sau ba adadi. Zai jiƙa ƙullin da yawu, ya ja da haƙori, ya datse wutsiyar da wuƙa, duk yana kallon wani wuri yana zagin wani.

Zagin ne abincinsa. Shi ya kawo al'adar gungume. Duk mai kamun fatsa ya san cewa in itace ya yanke zare, bakinsa miƙe yake dawowa, amma in ƙulli ne ya kwance, sai ya dawo a nannaɗe kamar wutsiyar alade. Na farko ƙaddara ce, na biyu kuwa laifin wanda ya ɗaura. Nicanor ya kafa doka cewa ba jagoran da zai ɓoye wutsiyarsa. In jirage suka dawo cin abincin rana, shi da kansa yake bi yana duba sanduna, in ya samu sai ya yanko ya buga da ƙusa a jikin gungumen da ake ɗaure jirage, ya kira sunan mai ita da ƙarfi yadda baƙi za su ji. Mutum biyu na sani da suka bar aikin saboda gungumen nan, ɗaya ya koma raga, ɗaya ya tsallaka ƙasar Amurkawa bai sake waiwayo ba.

Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne Ruperto Ontiveros, wani ƙato mai 'ya'ya da yawa da yatsu kamar rogo. A shekararsa ta farko ƙullinsa ya kwance a bakin wani babban kifi, Nicanor ya tara mutane.

"Ku zo ku ga aikin Ruperto! Kai, da wannan hannun kake ɗaura wandonka? To Allah ya rufa mana asiri ranar da ya kwance a coci."

Aka yi ta dariya har da baƙin da ba su ji abin da aka ce ba. Daga ranar sunan Ruperto ya koma Alade, har 'ya'yansa a makaranta ana ce musu 'ya'yan Alade. Bai bar aikin ba. Ya dai koyi ƙulli, ya koyi shiru.

Cutar yana ce ta fara rufe idon Nicanor, a hankali, na hagu sannan na dama. Tuƙi bai gagare shi ba, don da ka yake tuƙi ba da ido ba. Abin da ya kayar da shi wani sabon zare ne da baƙi suka fara zuwa da shi, fari tas kamar ruwa, mai santsi, wanda kifi ba ya gani. Shi ma Nicanor ba ya gani. Otilia ta yi ta roƙonsa ya je asibiti a birnin Mazatlán a kankare masa yanar, ya ce ita ce makauniya, ita da danginta duka. Tsoronsa ɗaya ne, kada a gan shi da auduga a ido, labari ya kai kunnen mai masauki, a karɓe jirgin a ba wani. Ba shi da gona, ba shi da ɗa namiji ko mace, ba shi da aboki. Jirgin nan mai launin kore shi ne duk abin da ake ce masa Don, laƙabin girmamawa, saboda shi.

Sai yayata ta ɗauki aikin. Kullum da la'asar za ta ja ƙofa, ta jera sanduna a kan gado, shi yana zaune yana ba da umarni, ita tana zurawa tana ƙullawa. Ta koya cikin zagi, kamar yadda ta koyi komai a gidan. Tun da ba zai iya canza koto a kan ruwa ba, sai ya koma fita da sanduna rututu, kowace da abin da aka ɗaura mata, in lokacin canji ya yi sai kawai ya miƙa wa baƙo wata. Baƙi suka ɗauka gwaninta ce, suna yaba shirinsa. Shekaru aka yi a haka, kuma ƙullin Otilia bai taɓa hawa gungume ba. Ni kaɗai na sani, shi ma don na shigo ba sallama ne na same su. Ban taɓa jin ya ce mata sannu ba.

Ruperto ne ya gano, kuma a wurin ƙaramin abu. Wutsiyar ƙullin Nicanor a da karkace take, yankan wuƙa. Yanzu kuwa a daidaice take, gajera, yankan almakashin ɗinki. Ya kuma lura tsohon ya daina bin sandunan mutane yana dubawa, sai dai ya zauna nesa yana zagi a dunƙule. Ya bar abin a cikinsa har lokacin da ya dace.

Lokacin ya zo da wani Ba'amurke likitan haƙori daga Texas, mutum mai jan wuya da fara'a, wanda ya daɗe yana zuwa neman kifi ɗaya tak mai girman da zai yi alfahari da shi, kuma kullum Nicanor yake nema. Da safen ranar Nicanor ya shigo kicin shan kofi kamar yadda ya saba. Kafin ya fita, Ruperto ya bi sandunansa ɗaya bayan ɗaya ya yanke duk abin da ke bakinsu, ya jera kotunan cikin akwati tsaf.

"Don Nica, na ga zarenka ya goge a baki, na rage maka aiki, na datse. Sai ka sabunta ƙulli. Ai kai minti nawa ne?"

Ina tsaye a ƙofa da buta a hannu. Na ga tsohon ya lallaɓa bakin sanda ɗaya, ya ji wayam. Jagorori duk sun yi kamar suna duba injinansu. Nicanor ya buɗe baki zai yi zagi, sai ya tuna baƙo na zaune cikin jirgi yana murmushi, ya haɗiye. Ya tayar da inji suka tafi.

Abin da ya faru a kan ruwa daga bakin likitan muka ji, don shi duk abin dariya ya ɗauke shi. Ya ce tsohon ya juya masa baya ya daɗe yana fama, yana neman ramin ƙugiya da harshe, har ya soki leɓensa. Da ƙyar ya haɗa sanduna kaɗan. Can wajen hantsi, a kan wata tsohuwar bishiya, aka ja ƙadangaren roba ja mai nauyi. Likita ya fizga, sanda ta tanƙware, kifin ya taso sama ya girgiza kai, suka ga bakinsa, ko in ce likita ya gani. Ya ce bai taɓa ganin irinsa ba ko a hoto. Sai zare ya saki. Nicanor ya ce itace ne ya yanke, ya jefa sandar gefe, ya miƙa wata. Da yana gani, da ya datse bakin zaren ya jefa a ruwa, ba mai sani.

Da rana jirage suka dawo. Otilia ta iso da kwandon tortilla, wainarmu ta masara, a kai, don ita ke gasa wa masauki. Ruperto bai ko ɗaure jirginsa ba ya tsallaka cikin koren jirgin Nicanor, ya ɗaga sandar sama. Ga wutsiyar zaren nan, a nannaɗe, tana rawa a iska.

"Jama'a, ku zo ku ga! Yau mun yi babban baƙo a gungume. Wa ke da guduma?"

Aka taru. Mai masauki ma ya sauko yana goge baki, ya karɓi zaren ya duba, ya dubi Nicanor.

"Don Nicanor, wa ya ɗaura wannan?"

Da ya yi shiru, da ya fi masa. Da ma ya ce tsufa ne, da wasu sun ji kunya sun watse. Amma Nicanor ne. Ya miƙe ya gyara malafa, ya nuna inda yake jin muryar mata.

"Ba ƙullina ba ne, kun san ƙullina. Waccan matar ce ke taɓa mini kaya in na fita. Na sha hana ta. Mace da ko tortilla ba ta iya yi da kyau ba, ina ita ina fatsa?"

Na dubi yayata. Kwandon na kanta har yanzu, ba ta sauke ba. Zuciyata ta yi zafi har na ji kamar in watsa masa miyar da ke kan wuta.

Ruperto ya yi dariya a hankali, ya cire hularsa ya juya wajen Otilia.

"A'a, tsoho, kada ka yi wa baiwar Allah sharri. Na Doña Otilia ni na yanke su da safe, da ƙyar wuƙata ta ci. Wannan kam naka ne, kai kaɗai."

Ya buga ƙusar da kansa, can sama da na kowa. Wani ya yi kukan alade daga baya, saura suka amsa. Likitan, da bai san me ake ciki ba, ya dafa kafaɗar Nicanor yana cewa ba komai, har ya nemi a ɗauke su hoto a gaban gungumen, aka kuwa ɗauka.

Mai masauki ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai. Ya ja tsohon gefe, amma ba nesa da kunnena ba, ya ce shi bai damu da wanda ya ɗaura ba, in dai ba zai kwance ba. In gobe ya zo da sanduna a shirye kamar kullum, jirginsa na nan. In bai zo da su ba, baƙi ba za su zauna jira ba.

Da la'asar ya zo mini har bayan kicin, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya yana murza malafa.

"Herminia, ƙanwata, ki je ki yi wa yayarki magana. Ta ƙi tanka mini. Ki ce mata ai ta san bakina, ba har zuci ba ne."

Na je, ba don shi ba, don in ga halin da take ciki. Na same ta zaune a bakin ƙofa tana ɗinke wata tsohuwar riga tata. Sandunan na jingine a bango inda ya zubar da su. Na faɗa mata saƙon yadda ya ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ciro zare daga ƙwarya, ta ɗaga allura, ta zura shi tashi ɗaya.

"Ki ce masa idona ya mutu. Ba na gani."

"Yaya, jirgin fa za a karɓe."

"Na ji. Ki ja mini ƙofar in za ki fita."

Washegari ya zo bakin ruwa tun kafin kowa, da sanduna a kafaɗa, zaruruwa na reto ba komai a bakinsu, yatsunsa duk tabon ƙugiya. Ya zauna a kan wani dutse ya ci gaba da gwadawa. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya yi masa magana. Baƙi suka sauko, aka loda ƙanƙara da abin sha, jirage suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Na kawo masa kofi, don haka na saba. Yana cikin karɓa sai wani inji ya yi tari sau biyu ya kama, tsohon ya tsaya cak da kofin a hannu.

"Wannan nawa ne," ya ce. Ya juya fuska wajen ruwa yana ƙifta ido. "Herminia, wa ke tuƙa shi?"

Ina iya cewa ban gane ba, rana ta haske mini ido. Amma na gane sarai.

"Ruperto ne," na ce. "Sha kofinka kada ya huce."